Gashin Gaggafa a Ɗakin Makoki

Ba zan taɓa mantawa da aikin farko da aka damƙa mini ni kaɗai ba. Lokacin ban daɗe da shiga wani ƙaramin kamfanin tsara cikin gida a titin Gate City Boulevard, a Amurka, ba. Wani gidan shirya jana'iza ya nemi mu gyara masa ɗaki guda domin iyalan 'yan asalin Amurka, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar.

Shugabata ta ce in fara tattaunawa da wata dattijuwarsu. Ban yi ba (a ganina mai digiri ta wuce tambaya). Intanet na shiga, na kwaso duk abin da ya faɗo: tanti mai tsini, doki a guje, gashin gaggafa jere a bango.

Ranar nuna zanen, dattijuwar ta zo daga garin McLeansville. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon zanen a allon kwamfuta.

"'Yata, su wane ne waɗannan?"

"Ku ne, Mama." (Da bakina na faɗa, har da murmushi.)

"Mu ba mu taɓa kwana a tanti ba. Taba ubana ya noma. Gashin nan kuwa ba kayan ado ba ne, girmamawa ce ake ba mutum."

Sai ta faɗi abin da suke so: kujerun da za a iya jerawa a zagaye, dogon tebur na abinci, wurin tsayuwar mawaƙan coci, da tagar da ke buɗuwa, domin wasu iyalan kan ƙona ganye mai ƙamshi. Ko ɗaya babu a zanena.

"Ke daga ina kike?" in ji dattijuwar.

"Jos, a Najeriya."

"To in an yi miki rasuwa, in zo in zana muku zaki da giwa a bango?"

Shugabata ta duƙufa kan takardunta. Ni kuwa na tsaya da linzamin kwamfuta a hannu, na rasa abin dannawa.

Ba su ƙwace aikin ba. Asabar uku na yi a kicin ɗin dattijuwar, tana magana ina rubutu. Ɗakin ya fito yadda suke so, har ana yaba mini. Nakan karɓi yabon, amma gaskiya abin da na ƙara a ciki bai wuce yin shiru ba.