Rasuwar Kaskon Turare, Ɗakin Haihuwar Kifaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kailani Sabo na Tudun Wada, Zariya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan kiwon kifin ado rasuwar Kaskon Turare, wanda ya cika da hantsin Asabar a tsakar gidana, yana da shekara goma sha ɗaya a duniya, uku daga ciki a ƙarƙashin ruwa.

Marigayin ya shigo gidan nan ne cikin kayan auren maiɗakina Rakiya, ya yi shekara takwas yana ƙamsasa ɗaki ba tare da ƙorafi ba. Ana nan sai Chimobi, mai shago a Kongo, ya kawo min kifaye biyu daga kudu, mace da namiji, ƙananan dangin karfasa da ba su wuce tsawon yatsa ba. Na sa musu Ango da Amarya. Ya ce irinsu ba sa ƙwai sai a kogo. Na saka musu kogon roba a akwatin gilashinsu, suka ƙi. Na saka ɓawon kwakwa, Amarya ta leƙa sau ɗaya ta juya. Ranar da Rakiya ta tafi suna na ɗauki marigayin, na ɓantare masa ƙofa a baki, na kifa shi cikin yashi. Bayan kwana huɗu, cikin Amarya ya yi ja, ta shige, ta jera ƙwai a rufinsa.

Mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Haihuwa tara aka yi a cikinsa. Gansakuka ta lulluɓe shi har Rakiya kan tsaya gabansa ta yaba kyan wannan dutse, alhali ta birkice gida tana neman sa. Daga ƙarshe ta ɗora wa yayarta Ishatu, wadda ta taɓa aron sa, suka yi Sallah biyu ba sa gaisawa. Marigayin yana ji, bai taɓa cewa uffan ba. Ni ma haka. Iyakar maganarsa ita ce ƙwal, in an ƙwanƙwasa shi da farce.

Jinyarsa ta fara ne da tsaga a gefe, wadda na lura da ita tun azumi. Ranar Asabar na fito da shi in duba, bisa zaton Rakiya tana kasuwa. Na wanke shi fes, har alamar jan farcen da ta yi masa a gindi ta bayyana. Sai na ji sallamarta. Na kai shi bayan riga, hannuna da santsi. Kalmarsa ta ƙarshe: tas.

Rakiya ce ta shaida gawar. Ta ɗauki ɓari guda ta juya, ta ga jan farcenta, ta dubi gurbin dutsen nan a akwatin kifayen, sannan ta ce, “Malam, ashe Yaya Ishatu a ruwa take zaune.”

Ya rasu ya bar Ango da Amarya, waɗanda tun ranar suke korar juna har na raba su da gilashi. Da 'ya'ya arba'in da uku, ban da huɗu da Ango ya cinye saboda ɗimuwa. Da jikoki a Hanwa da Tudun Jukun. Da ni, da na koma cin abinci a waje.

An so a binne shi gindin gwanda bayan la'asar, amma Rakiya ta ƙulle gawar a ɗankwali, ta ce ba za a rufe ba sai Ishatu ta gani. Don haka za a ɗauke shi ranar Juma'a zuwa gidan Ishatu, ni ne a gaba riƙe da shi, kuma ni zan yi bayani. Ana roƙon dattawa biyu masu sanyin baki su raka ni. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo kasko, an riga an ƙirga na gidan, an kuma sa wa kabad kwaɗo.