Ta'aziyyar Faifan Gishirin Titi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya rasa wanda zai sauke wa, Wendell Kivela na unguwar yamma a birnin Duluth yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk maƙwabcin da ya taɓa toshe kunne saboda kiɗan nan mai hayaniya da ake kira pank, rasuwar faifansa. Marigayin faifan tef ne irin na da, mai zare a naɗe, faɗinsa kamar farantin cin abinci. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a ɗakin ƙasa na gidan mai shi, yana da shekara talatin da bakwai a duniya. Maganar da ke bakinsa duka ta minti goma sha tara ce.

An haife shi wata Lahadi da la'asar, cikin watan Maris na 1987, a ƙaramin gidan rediyon ɗalibai inda Wendell yake injiniyan sauti. Shirin ranar Lahadi doka ɗaya gare shi: makaɗa su shigo da kayansu, jar fitila ta kama, su buga kai tsaye. Ba maimaici, ba gyara. Wanda ya yi kuskure duk gari ya ji, in dai za a kira mutum arba'in gari. A ranar 'yan ƙungiyar kiɗa ta Gishirin Titi ne suka zo, su uku: Marnie Sobczak mai waƙa da jita, Curtis Beaudry mai ganga, da Dwight Amundson mai jitar nan mai kaurin murya. Ba su taɓa buga faifai ba kafin nan, ba su kuma buga ba bayan nan, don a ganinsu shiga sitidiyo a yi ta gyaran murya aikin mayaudara ne. A al'adar gidan, ƙarshen kowane zangon karatu ana goge faifai a sake naɗa a kansu. Wendell ya cusa wannan a cikin rigar sanyinsa ya fice da shi. Sata ce, kuma bai taɓa nadamarta ba sai wannan makon.

Marigayin mai riƙon amana ne. Abin da ya ji shi yake faɗi, bai rufa wa kowa asiri ba, har da mai shi. Muryar farko a bakinsa ta Wendell ce, tana rawa, yana magana ta bayan gilashi:

"Saura daƙiƙa goma. Don Allah kada wanda ya yi ashar, an riga an ja mana kunne."

"To ka gaya wa Curtis," in ji Marnie, "shi ne bakinsa ba linzami."

"Ni? Ke da kika zagi ɗan sanda har ya ba ki haƙuri?"

Daga nan sai ƙarar sanduna sau huɗu, sai hayaniya ta ɓarke. Waƙar farko a kan masana'antar ƙarfe ce, wadda aka rufe aka bar wa gari tari. Marnie na da ciki wata shida a lokacin, ta rataya jitar a gefen ƙugu don gaba ba wuri. Bayan waƙa ta biyu marigayin ya riƙe wannan ma:

"Kai Curtis, ganga kake bugawa ko kafet kake kakkaɓewa? Na cikin nan ma ya fi ka riƙe kiɗa, ji yadda yake harbina."

"To ki miƙa masa sandunan mana, in huta."

"Ku bari dai a haife shi tukuna," in ji Dwight.

Sai dariyar Marnie, mai ƙarewa da tari. A minti na goma sha biyar kuma, kafin waƙar ƙarshe, ta kauce wa makirufo kaɗan, ta sassauta murya yadda ba a san ta da shi ba, ta ce: "Kai na ciki, yi haƙuri. Saura ɗaya mu tafi gida."

Na cikin mace ce. An haife ta a watan Yuni, aka sa mata Corinne. Tana da wata goma sha takwas motar Marnie ta zame a kan ƙanƙara a hanyar bakin tafki, uwar ba ta tashi ba. Mahaifin yarinyar ya ɗauke ta ya koma Albuquerque wajen danginsa. Tana da hotunan uwarta cike da kwali, amma ba ta san muryarta ba.

Gaskiya ta wajaba a wajen makoki, don haka a faɗa: marigayin ya yi rayuwar kulle. Mutane da yawa sun roƙi Wendell kwafi, ya hana. Yakan ce abin da aka buga da rai ba a kwafarsa, ya kawo dogon bayani a kan aƙidar pank har mai roƙo ya gaji ya tafi. Aƙida ce a baki, rowa ce a ciki. Ya so Marnie shekara huɗu bai taɓa furtawa ba, kuma wannan faifan ne kaɗai abin nata da ya zama nasa shi ɗaya. Shi kansa rabonsa da ya saurare shi ya fi shekara ashirin. Sanin cewa yana nan a kan kanta ya ishe shi.

Ciwon ajalin marigayin sananne ne a gidansu. Zaren wancan zamani yana shan danshi a hankali, har fatar da ke riƙe da sauti ta yi danƙo. In aka kunna shi a haka, fatar takan saɓule ta manne a jikin na'ura, sautin ya bi ta. Maganin ma sananne ne. A sa faifan a injin busar da nama, irin wanda ake kilishin barewa da shi lokacin farauta, a gasa shi da ɗumi kaɗan na awa takwas, a bar shi ya huce kwana guda, sannan a kunna sau ɗaya, kwamfuta na ɗauka. Wendell ne ya koya wa rabin garin nan wannan. Ya ceto faifan bikin auren mutane, ya ceto wa'azin limaman coci da suka daɗe da mutuwa. Ya taɓa korar wani daga shagonsa na gyaran sauti saboda ya kunna tsohon zare don ya gwada. Har gobe akwai takarda a bangonsa da manyan baƙaƙe: KADA KA KUNNA SAI KA GASA.

A watan Satumba wasiƙar Corinne ta iso. Curtis ne ya ba ta labarin faifan. Ba ta roƙi kwafi ba, ta ce a bar ta ta ji sau ɗaya kawai. Wendell ya kwana uku yana juya wasiƙar, sannan ya amsa. Aka sa ranar Asabar, aka kama zauren ƙungiyar ma'aikatan tashar jirgin ruwa, aka gayyaci tsofaffin da suka rage. Ya tsara zai gasa ranar Laraba.

Ranar Talata, bayan ya sha kofi, ya ce bari ya ɗora shi daƙiƙa goma kacal, ya tabbatar shi ne, kamar yana da wani. Kwamfutar tana kan tebur, wayarta a zare, taku biyu tsakaninsu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Kafin minti ɗaya ya cika na'urar ta fara kuka, siririn ƙara irin na ƙofar da ta rasa mai. Ya ga wani baƙin gari kamar toka yana taruwa a inda zaren ke gogawa. Ya san abin da yake gani, ba wanda ya fi shi sani a faɗin jihar. Yatsansa na kan maɓallin tsayarwa. Da ya danna, da muryarsa mai rawa kaɗai za a rasa, kuma ba wanda zai yi kukan wannan. Amma ya san dariyar tana tafe a minti na bakwai. Da dariyar ta wuce, ya san abin da ke minti na goma sha biyar. Ya tuna ranar Asabar zai ji shi a cikin mutum sittin, idon kowa a kan 'yar, shi kuwa yana gefe yana murɗa maɓalli kamar kullum. Bai danna ba.

Muryar ta yi ta dushewa kamar ana rufa mata bargo a kan bargo. Da ƙyar maganar minti na goma sha biyar ta fito, amma ta fito, ya kuma ji ta. A tsakiyar waƙar ƙarshe na'urar ta yi nishi ta tsaya. Nan take ya ruga da gawar ya sa a injin busar da nama, ihu bayan hari. Da ya sake ɗorawa ranar Alhamis, kwamfuta a haɗe wannan karon, ba abin da ya fito sai huci, da dukan ganga jefi-jefi daga nesa. Cikin su uku, kafet ɗin Curtis ne kaɗai ya tsira.

Marigayin ya rasu ya bar kwalinsa, mai rubutun hannun Marnie da jan biro. Ya bar ƙarfen naɗinsa, lafiya lau, ba abin da ya same shi. Ya bar Curtis, wanda yanzu kunne ɗaya ke masa aiki, da Dwight, likitan haƙori a Florida, wanda ke gaya wa jikokinsa bai taɓa riƙe jita ba. Ya bar baƙin gari cokali ɗaya da rabi, wanda Wendell ya kankare da auduga ya zuba a kwalbar zuma. Ya kuma bar Wendell, ɗan shekara sittin da takwas, mutum ɗaya tak a duniya da ya san yadda Marnie ta ja kalmar "gida".

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana, a zauren da aka riga aka kama, a kan kujerun da aka riga aka jera. Akwai kifi mai hayaƙi da dankali da kofi, tunda an riga an yi oda. Ba a buƙatar furanni. Ana roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya ce ƙaddara ce, don mai makokin yana wurin lokacin da abin ya faru, kuma bai ga ƙaddara a ɗakin ba. Kwalbar zumar za ta kasance a kan tebur, za a miƙa ta ga mai ita in ta yarda ta karɓa.

A shagon faifai na titin Superior kaɗai aka manna wannan sanarwa, don kada ta yi nisa. Corinne ta baro Albuquerque tun jiya, tana tuƙi da kanta, 'ya'yanta mata biyu a bayan mota. Ta turo saƙo sau uku daga hanya, Wendell bai amsa ko ɗaya ba. Kujerar gaba tata ce. Duk wanda ya riga shi ganinta a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya nuna mata wurin zama, kada ya gaya mata komai. Ƙarfe biyu daidai Wendell zai miƙe a gaban lasifikan da ba za a kunna ba, ya faɗa mata abin da ya yi, sannan ya faɗa mata abin da uwarta ta ce, da tasa tsohuwar muryar, kai tsaye. Ba maimaici, ba gyara.