Kwamfutar Marigayi Malam Sidi

Da Malam Sidi mai ɗaukar bidiyo ya rasu, Inna Yalwa ta rasa miji, ta rasa babur da kyamara, don sayar da su aka yi aka raba wa magada. Abin da ta samu biyu ne: tsohuwar kwamfutar Malam, da ƙaninsa Tunau. Kwamfutar da bakinta ta nema, ta yi ta ja da masu rabo har suka gaji suka sallama mata. Tunau kuwa ba wanda ya ja da ita a kansa.

A cikin kwamfutar nan akwai duk wani biki da suna da Malam ya ɗauka a Bakori tun yana saurayi. An haɗa ta da talabijin a ɗakin Inna. Da la'asar mata su cika tabarma, kowace ta ga ranar da take amarya, su sayi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa su tafi. Malam ba ya fitowa a hoto, shi ne a bayan kyamara, amma ana jin muryarsa yana ta faɗa: "A matsa baya! Ke mai jan mayafi, kin tare mini amarya!" Inna ba amare take kallo ba, wannan murya take saurare. Ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

Tunau kuma furfura ta fara cin gemunsa. Ba ya ƙarya, ba ya musu, ba ya gajiya da aike. Abu ɗaya ne: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana ana tsakiyar kallo sai wani rubutu ya fito ya tsaya a fuskar talabijin. Inna ta taɓa zama ajin yaƙi da jahilci, tana iya haɗa sunanta in ba a gaggauta ta ba, amma wannan Turanci ne. Ta ce, "Tunau, kai wa Nafi'u mai gyara rubutun nan ya karanta mana." Ta fita duba gyaɗar da ke kan wuta. Tunau ya zare wayoyi, ya ɗora talabijin a baro, sai kasuwa. Nafi'u ya jona, bai ga komai ba. Can Inna ta leƙo zaure ta hango Tunau yana tahowa a hankali, kansa a ƙasa, yana tona yashi da ƙafa.

"Me kake nema?"

"Yaya, rubutun ne ya zube a hanya. Ina jin wajen kwalbati ne, inda baro ya yi tsalle."

Dole Nafi'u ya zo da kansa. Ya karanta ya ce, "Inna, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ta tsufa, take neman a sauya ta. Iri uku ne. Akwai wannan tsohuwar da Malam ya saka, tana tafiya daidai da ƙarfin na'urarki. Akwai ta tsakiya. Akwai kuma sabuwa fil, amma ita sai na'ura mai ƙarfi. Tunda kallo kawai kike yi, ba kya hawa intanet, ni dai da kin bar tsohuwar. Rubutun zan iya kashe shi."

Inna ta gyara ɗaurin zane, ta tuno maƙwabciyarta da suke gasa. "Wace ce a gidan Hajiya Laure?"

"Sabuwar. Amma ɗanta ne ya aiko mata da..."

"To ni me aka mayar da ni? Sabuwar nake so."

Wata rana ta tashi Tunau ya je ya jiwo kuɗin aikin. Inna ba ta taɓa sayen ko allura a kan farashin farko ba, masu gyaɗa in sun hango ta har gyara zama suke yi. Ta zaunar da shi ta koya masa ciniki. "Duk abin da ya faɗa, ka ce ya yi yawa. Ka juya ka kama hanya. Kar ka waiwayo." Tunau ya isa rumfa ya yi sallama ya tambaya. Nafi'u ya ce, "Haba Baba Tunau. Malam ne ya fara koya mini riƙe sukundireba. Kyauta zan yi wa Inna."

Tunau ya ɗaure fuska. "Ya yi yawa."

"Na ce kyauta fa!"

"Ya yi yawa." Ya juya. Nafi'u na ƙwala masa kira, maƙwabta na taya shi, Tunau bai waiwaya ba har gida. Da Inna ta ji, ta ɗaga muciya, sai kuma ta tsaya ta yi tunani. Ta ajiye. Ta aika wa Nafi'u cewa ta ji kyautar, amma ya haɗa da share ƙurar cikin na'urar.

Wata rana Nafi'u ya zo yin aikin. Ya kwance akwatin yana hure ƙura, Tunau na tsugune a gefensa. Ya nuna masa wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu ya ce, "Ka ga wannan? Rumbun ajiya ke nan. Duk abin Malam yana cikinsa." Ya mayar ya ɗaure, ya ɗora sabuwar manhajar a kan tsohuwa yadda finafinan ba za su taɓu ba. Da zai koma rumfa ya ce, "Za ta daɗe tana shiga. Kar kowa ya kusance ta sai ta gama." Tunau ya jawo turmi ya zauna a bakin ƙofa. Inna ta zo ɗaukar mayafi za ta gidan suna.

"Ba shiga, Yaya."

"Ɗakina ne fa, kai!"

"Ya ce kowa."

"Ni ce kowa?"

Tunau ya dube ta sama da ƙasa, ya ce shi dai a ganinsa tana cikin kowa. Ta yi zagi, ta yi lallashi, ta yi masa tayin tuwo da man shanu, ko gezau. Da zanen da ta shanya a igiya ta lulluɓa ta je sunan, tana gaya wa mutane wai yayi ne daga Kano.

Wata rana ta gayyato mata su zo ganin sabuwar manhaja, Hajiya Laure a kan gaba. Aka sa bikin 'yar Sarkin Fawa. Amarya ta ɗaga ƙafa za ta shiga mota, sai ta ƙame a haka. Ta motsa, ta sake ƙamewa, baki a buɗe. Kiɗa na gaba, masu rawa na baya. Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi. Inna ta ce, don ta rufe kunya, "Tunau, kai da ka haddace shi, gaya musu duk abin da ya biyo baya kafin ta dawo hayyacinta." Tunau ya miƙe ya gyara murya.

"Daga nan amarya ta shiga mota. Daga nan Malam ya juya kyamara wajen tukwane. Daga nan Hajiya Laure ta duba hagu ta duba dama, ta zuba soyayyen nama a jaka. Wajen da Yaya ke saurin wucewa ke nan."

Hajiya Laure ta nemi takalmanta, ta tafi da ɗaya nata ɗaya na wata. Amma ba wannan ne ya dami Inna ba. Da hoton ya motsa, muryar Malam ta fito a kakkarye, "A ma... ma... matsa..." Mutumin da bai taɓa in'ina ba a rayuwarsa. Ta tashi ta kashe da kanta.

Wata rana da safe ta ce, "Ɗauki abin nan ka kai kasuwa a mayar mini da tsohuwata. Amma kafin ka fita, cire duk wani abu na Malam ka adana, kasuwa ba ta da amana." Carbin Malam take nufi, da ke rataye a jikin akwatin, da ƙyallen da yake rufe shi da shi. Tana tsakar gida tana matsar mai ta ji ƙwaram-ƙwaram a ɗaki, ta ce a ranta Tunau ne, ba sai an tambaya ba. Nafi'u ya tafi Funtuwa sayen kaya, don haka maƙwabcinsa, wani mai gaggawa da ake kira Shaf-shaf, shi ya karɓi aikin. Kafin azahar Tunau ya dawo. Aka jona. Tsohuwar manhaja ta buɗe garau, da sauri kamar da. Inna ta nemi bikin 'yar Sarkin Fawa, babu. Ta nemi wani, babu. Ko ɗaya babu.

Ta yafa mayafi ta nufi kasuwa, Tunau na biye da akwatin a ka. Ta tarar Nafi'u ya dawo yana sauke kaya. Ta tsaya a gaban Shaf-shaf.

"Ina muryar mijina?"

"Wace murya, Hajiya? Ni in za a koma tsohuwa, share rumbu nake yi kaf in fara daga farko. Duk wadda aka kawo mini haka nake yi mata."

Nafi'u ya dafe kai. Inna ta nemi benci ta zauna.

Shaf-shaf ya ce, "Amma fa taku ko sharewar ban yi ba. Fanko aka kawo mini, ba rumbu a ciki. Wani na saka mata, kuma ba a biya ni ba."

Duk suka juya ga Tunau. Ya sauke akwatin, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyalle a ƙudundune. Ya warware. Ga carbi, ga ɗan ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu, ga wuƙar yankan albasar Inna da bakinta ya lanƙwashe.

"Kin ce duk wani abu na Malam. Nafi'u ya ce duk yana cikin nan."

"Me ya hana ka faɗa tun a gida?"

"Adanawa kika ce, Yaya. Ba ki ce in faɗa ba."

Nan take Nafi'u ya haɗa tsohon rumbun kusa da sabon. Ya taɓa bidiyon wani taron suna da hannunsa ya faɗa a kai, muryar Malam ta cika rumfar, lafiyayya, tana korar yara daga gaban kyamara. Inna ta ce hayaƙin janareto ne ya shiga idonta. Sai ga Nafi'u ya ƙura wa hoton ido. Wata mata ce ke rabon goro tana dariya.

"Inna, mahaifiyata ce. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Don Allah ki sayar mini da wannan in kwafa."

Inna ta goge ido, ta gyara zama. Masu gyaɗar da ke tsallaken hanya da suka ga irin zaman, suka taso kallo.

Ya yi tayi, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka. Ya ce ta faɗa da bakinta. Ta miƙe kamar za ta tafi, ta kai bakin rumfa, sannan ta dawo.

"Kuɗinka riƙe abinka, ba na sayar da uwar mutum. Ga abin da zan karɓa. Ka sallami wannan mai gaggawar daga aljihunka. Gyaran na'urar nan a wuyanka yake har in bi Malam. Ko manhajar zinariya aka fito da ita, kar in ji a bakinka. Sannan ka saya mini wuƙa."

"Na yarda, Inna."

"Mai ƙotar ƙarfe," in ji ta. "Na sallama."