Tunau da Lemar Kwaɗin Ƙasar Sin

A gidan Baba Nomau mutum uku ne: tsohon da tari ya ci ƙarfinsa, 'yarsa Delu mai riƙe da gida, sai ƙaninta Tunau, ƙato ga gemu, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Wansu da ke fatauci a ƙasar Sin ya aiko da wata busasshiyar lemar kwaɗi, ja, mai tauri kamar itace. Ya ce can masu magani na dafa wa tsofaffi ita.

Wata rana wan ya bugo waya ya ce, “A adana ta, kada ruwa ya taɓa ta.” Da Delu ta ɗora tukunya, Tunau ya rungume abarsa ya ce atafau. A bushe ya miƙa wa tsoho. Bawan Allah ya gatsa, haƙorinsa na gaba ya bi ta.

Wata rana Delu ta shawo kansa, ta ce, “Tafasa ta har ta yi laushi.” Ita kuwa wannan aba ba ta laushi. Itacen gida ya ƙare, Tunau ya faskare turmi, ya bi da ƙyauren ɗaki. Ruwa ya ƙafe, magani ya zama gawayi. Delu ta yi kuka kamar ranta zai fita, don tarin Baba sai gaba yake.

Wata rana ta tsinko wasu fararen lemar kwaɗi a gindin ruɓaɓɓen kututture, wai ai duk dangi ne. Ta dafa, ta tace, ta watsar da tuƙar a tsakar gida, ta miƙa wa Tunau kwanon.

“Riƙe, kada ka sake shi sai na dawo. Zuma zan karɓo.”

A maƙwabta ta tarar ana naƙuda, ta shantake. Baba ya yi roƙo, ya yi zagi, ya jefi Tunau da carbi.

“Miƙo min maganina, ɗan nema.”

“Yaya ba ta dawo ba, Baba.”

Sai la'asar Delu ta shigo, tana shirin balbale shi da faɗa. Ta yi turus. Kajinta uku da suka tsattsage tuƙar suna kwance, ƙafafu a sama. Ta dubi Baba, yana nan da ransa yana masifa. Ta dubi kwanon, cike fal. Ta zauna daɓas.

Tunau, har yanzu riƙe da kwanon, ya ce, “Yaya, in ba shi yanzu?”