Babur Mai Ƙwaƙwalwa

Daga ranar da aka hana 'yan acaɓa hawa babur mai kafireta, garin nan ya shiga sahun manyan biranen duniya. Ba ni na faɗa ba. Mai Girma Babban Mai Ba Da Shawara Kan Hayaƙi Da Dangoginsa ne ya faɗa, a tsaye a ƙarƙashin rumfa, jerin motocinsa suna bayansa a kunne don kada kujeru su yi zafi kafin ya gama jawabi. Ya ce kafireta, ɗan kaskon nan da ke gauraya mai da iska, ita ta hana mu ci gaba. Ya ce sabon babur mai injekta yana da ƙwaƙwalwa, shi ke auna man da zai sha ɗigo-ɗigo, ba ɓarna. Na yi tafi da gaske. Na daɗe ina fatan ganin wani abu mai ƙwaƙwalwa ya fito daga ofishin nan.

To, makon jiya ni na tura ci gaban nan da hannuna, daga layin gidan mai har bakin unguwarmu.

Babur ɗin na ƙanin matata ne, wanda abokan sana'arsa ke kira Ba-Birki. Da shi yake ciyar da matarsa, Maman Biyu, da tagwayensu. Tsohon baburinsa ba shi da kyan gani, amma ba shi da girman kai. Abin da aka ba shi yake sha, ko man gidan mai ne, ko na kwalba mai warin kananzir. Da aka ce a kawo tsoho a karɓi sabo, Ba-Birki ya miƙa nasa, ya cika abin da aka ce ya cika, ya dawo gida da sabon ango yana ƙyalli.

Ga abin da Mai Girma bai sani ba, don ba a ganinsa ta baƙin gilashi. Tankin ɗan acaɓa bai san cika ba. Ka ɗauki fasinja, ka sha kwalba ɗaya, ka ɗauki wani. In mai ya ƙare, ka kwantar da babur a gefensa kamar rago, ka jijjiga, ka hura tanki da baki, ɗan guntun da ya ɓuya a lungu ya gangaro ya kai ka gaba. Kowa haka yake yi, kuma kafireta ba ta taɓa kai ƙara ba.

Sabon kuwa ɗan gata ne. A cikin tankinsa akwai wani famfo da ba ya aiki sai yana nutse cikin mai, kamar yadda wasu ba sa iya tunani sai cikin sanyin ofis. Ba-Birki na cikin layi man ya ƙafe. Ya kwantar, ya jijjiga, ya hura, ya yi ta murɗa makulli. Famfon ya yi ɗan kuka irin na sauro, ya yi shiru. Wata jar fitila ta kama.

"Yaya, me take cewa?" ya tambaye ni da na iso, tun da ni ne mai digiri a dangi.

"Tana cewa ka tura."

Muka kai shi wurin bakaniken unguwa, mutumin da ya tsufa yana warkar da kafireta da numfashinsa. Ya kwance, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa.

"Ina hanjinsa?"

"Ba shi da shi, Baba. Ƙwaƙwalwa gare shi."

"Allah ya kyauta."

Ya ciro injektar, ya sa a baki ya hura har idonsa ya yi ja. Da ta ƙi, ya zaro silin waya ya zurkuɗa mata a hanci, yadda ya saba. Ya mayar, ya taka. Shiru. Ya goge hannu a wando.

"Ɗazu ciwo ɗaya ne," in ji shi. "Yanzu ina jin biyu ne. Wannan sai kwamfuta."

Kwamfuta akwai ta, kada ku yi wa manya sharri. An sayo ta, an yanka mata ƙyalle, an ɗauki hoto. Washegari muka same ta a ofishin Hayaƙi, a cikin akwatin gilashi, an lulluɓe ta da leda kamar amarya. A gefenta wani Yallaɓai yana cin gyaɗa.

"Wanda ya iya ta ya tafi kwas," ya ce.

"Yaushe zai dawo, ranka ya daɗe?"

"Ai wata sabuwa ya tafi koyo. Wannan ta tsufa."

Ba-Birki ya cire hula ya yi bayani. Yallaɓai ya saurara da haƙurin da ake sauraron jahilai, sannan ya ce laifin mai babur ne. Injekta ba ta son tanki ya sauka ƙasa da rabi, ba ta son man kwalba. A riƙa cika tanki da mai mai tsabta daga gidan mai.

"Yallaɓai, wane gidan man? Wanda muke kwana a layinsa?"

"Wannan ba sashenmu ba ne. Mu Hayaƙi ne."

"To a ba ni tsohona."

"An lalata su duka, saboda lafiyar jama'a."

Muna fitowa sai ga masinjan ofis da takardu a hammata. Ya hau wani tsohon babur, ya taka sau ɗaya, ya tashi da tari da hayaƙi, lafiya lau. Ba-Birki ya damƙi hannuna.

"Yaya, dubi kujerar. Facin nan ɗinkin Maman Biyu ne."

Na ce wa masinjan ashe ba a lalata wannan ba. Ya ce aikin ofis na gaggawa ne, ba ya jiran kwamfuta. Ya ba mu hayaƙi ya wuce. Ina ganin wannan ce gaskiyar farko da aka faɗa a harabar nan tun da aka gina ta.

Jiya rediyo ya ce shirin ya yi nasara, man da 'yan acaɓa ke sha ya ragu ƙwarai. Ni shaida ne. Na Ba-Birki ko ɗigo bai sha ba tun ranar. Yana jingine a soro, yara suna shanya wanki a kansa, kuma iskar soron ta gyaru. In aka ci gaba a haka, nan gaba kaɗan ba mai shan komai a gidan.

Da la'asar na leƙa in gaishe su. A ƙofa na ba wasu mutum biyu hanya, suna ɗauke da keken ɗinkin Maman Biyu. Shi kaɗai ne inji a gidan da bai taɓa neman fetur ba, ƙafa kawai yake ci. Ba-Birki yana can lungun gida yana wanke hannun da ba datti. Wani ɗan kasuwa, aka ce, ya yi alkawarin kawo sabon famfo da injekta da kuɗin keken.

Maman Biyu tana zaune a tabarma, kusa da tabon da ƙafafun keken suka bari a siminti. Rigar makarantar 'yar maƙwabta ce a cinyarta, tana ɗinka ta da allura da hannu, don ta yi alkawarin gobe.

"Sannu da zuwa, Yaya. In an sa sabon, shi ke nan ba zai sake ba ko?"

"Muddin tanki yana cike," na ce.

Ta dube ni, ta dubi soro. Ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta nemi wani.