Filashin da Ya Yi Nauyi

Yaya Lawwali, Allah ya jiƙanka. Ka san farkon labarin taubashinka Sallau, ƙarshen ne ba ka sani ba. Bari in faɗa yadda zan faɗa wa 'yarka Zulai in ta yi wayo.

Gidan su Sallau rai uku ne: shi, da mahaifiyarsa Gwaggo Tabawa, da jar akuya. Gemu ya cika masa fuska, amma in aka ce ya je ya duba ko ruwa ya tafasa, sai ya duba ya dawo ya zauna shiru, don ba a ce ya faɗa ba. Duk garin ba mai ba shi aiki sai Lawwali mai hoto. A shagonsa akwai tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, da laftof da aka sayo daga baya. Sallau yana ce musu Babba da Ƙarama.

Wata rana Lawwali zai fita, ya ce, "Taubashi, hotunan bikin jiya, a sa su cikin Ƙarama." Sallau ya ɗauko hotunan da aka wanke, ya jera su a kan madannai, ya rufe murfi, ya zauna a kai don su shiga sosai. Gilashin ya tsage daga gefe.

Lawwali ya dawo ya riƙe kai. "Sallau, ka kashe ni!"

"Ai sun shiga. Ɗaya ne kawai ya leƙo."

Wata rana kuma ya koya masa aiki da filashi, ɗan abin nan da ake kwasar hotuna da shi daga kwamfuta. Ya nuna masa inda ake sokawa, da yadda ake jan hotuna. Ya ce, "In ya cika ka zare, ka kai wa Ƙarama." Sallau ya zare, ya auna a tafin hannu, ya ji ba nauyi, ya mayar. Haka ya yi ta yi har la'asar, masu karɓar hoto sun cika benci suna tsaki.

"Me kake jira?"

"Bai cika ba. Jarka in ta cika ai ana ji a hannu."

Da aka lallashe shi ya yarda, sai ya tallabo filashin da hannu biyu, yana takawa a hankali daga tebur zuwa tebur kada wani hoto ya zube. Muka yi ta dariya har da hawaye. Lawwali kaɗai ya ce, "Ku bar shi, bai taɓa ɓatar mini da ko ɗaya ba."

Wata rana a wurin ɗaurin aure Lawwali ya miƙa masa kyamarar bidiyo ya ce, "Ka riƙe ta a kaina. In na ɗaga hannu, ka juya kan ango." Ya shiga shirya mutane, ya manta da hannu. Aka shafa fatiha, aka watse, ango bai fito ko sau ɗaya ba. Dangin ango suka zo shago suka yi ta ruwan faɗa. Lawwali ya ba da haƙuri, ya jefa bidiyon cikin Babba ya ce, "Wannan ba ta da amfani, kada a kai ta Ƙarama."

Wata rana, ranar da ba na son tunawa, Lawwali ya gama kwashe aikinsa cikin Ƙarama, don ya yi niyyar sayar da Babba. Ya rataya jaka zai tafi biki Gusau. A bakin ƙofa ya ce, "Kada ka bar kowa ya taɓa Babba sai na dawo." Motarsu ba ta kai ba. Laftof da kyamara da waya duk suka niƙe tare da jakar.

Bayan an share makoki, Inna ta nemi hoton ɗanta. Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin garin nan, ba a sami tasa ba sai wani ɗan fasfo da ya koɗe. Kullum yana bayan kyamara. Zulai kuwa ko zama ba ta fara ba.

Baffanmu ya kawo mai sayen Babba, wanda zai share komai ya zuba nasa. Sallau ya tare ƙofa.

"Ya ce sai ya dawo."

"Kai Sallau, da kai aka binne shi!"

"Na sani, Baffa. Amma bai dawo ba."

Aka yi zagi, aka yi lallashi. Da wanda ya ba da hayar shagon ya nemi ɗakinsa, Sallau ya ɗora Babba a ka ya kai gida, ya lulluɓe ta da zanen Gwaggo, ko akuyar ba ta isa ta shinshina ba. Mutane suka ce wautar ta zama hauka.

Jiya na aro laftof wurin wani malamin makaranta, na je na sami Sallau a zaure. Na ce, "Sallau, ba zan taɓa ba. Kai za ka kwaso mini." Ya ce, "Wannan kam aikina ne." Ya kinkimi Babba zuwa wurin mai cajin waya inda akwai wuta, ya soka filashi, ya ja komai, har bidiyon nan da aka ce ba ta da amfani. Ya juye a laftof ɗin da na aro, ya zare filashin, na buɗe bidiyon.

Yaya, ga ka nan. Kana gyara hula, kana korar yara, kana dariyar nan da kake karkatar da kai. Har ka waiwayo ka ce, "Nafi'u, kawo kujera mana!" Na amsa kafin in tuna.

Sallau bai kalli allon ba. Filashin yake kallo a tafin hannuwansa biyu. Ya ce, "Nafi'u, yau ya yi nauyi."

Inna tana can tana shanya gero, ba ta san kana cikin aljihuna ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.