Kawu Ɗantala da Wayar Makaranta

A gidanmu akwai Kawu Ɗantala da matarsa Inna Kuluwa da 'yarsu Tasalla, sai Kaka. Shi Kawu duk abin da aka ce masa, haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Tasalla ta faɗi jarrabawar shiga sakandare, aka ce in ta sake faɗuwa karatu ya ƙare. Shi ne Malama Asabe ta ara mata waya mai darussa.

Wata rana Malama ta ce masa, "In tana karatu, a kawar da duk abin da zai ɗauke mata hankali." Kawu ya dawo ya kori kaji, ya ƙwace wa Inna taɓarya. Kaka ta yi tari, sai ya naɗo ta da tabarmarta ya ajiye a ƙofar gida.

"Ɗan banza, ni na haife ka!"

"Kin yi tari, Iya."

Wata rana kuma Malama ta ce ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar lodi, ta koyi kaɗan ta huta. Tasalla na amsa tambaya ɗaya, sai ya kashe wayar ya kwantar da yarinyar, ya lulluɓe ta da bargo, rana tsaka.

"Baba, zufa nake!"

"Huta dai."

Inna ta jefe shi da ludayi. "Wallahi in yarinyar nan ta faɗi, kai za ka sa hijabi ka je ka rubuta!"

Wata rana Malama ta ce, "Kallon waya kawai ba koyo ba ne. Karɓe wayar, ka tambayi yarinyar abin da ta tuna." Kawu ya karɓe ya cusa cikin buhun gero. Ba wanda ya ce ya mayar, don haka bai mayar ba. Tasalla ta yi kuka, Inna ta daina ba shi tuwo, ko a jikinsa. Bakin rijiya, wajen shara, yana biye da Tasalla.

"Me kika tuna?"

Ta faɗa.

"Ban gane ba."

Ta sake da tsawa, ta zana masa a ƙasa, ta kawo misali da wake. Gobe ya manta, a koma farko.

Sakamako ya fito, Tasalla ta ci. Aka tambaye ta yaya ta yi, ta harari Kawu.

"Tambayoyin jarrabawa sau ɗaya ake amsawa. Wahala na gida."